Alƙalami a Hannun Hagu

Bayan sadakar arba'in ta Baffa Cindo
muka buɗe adakarsa a gindin rumbu.
Ƙasan bargo da tsofaffin rasiɗan haraji
sai ga takarda, ta yi launin ruwan tsamiya.

Zane ne: Lungun Marubuta na cikin gari,
tun ba a ja kwalta ta ratsa Ringim ba.
Babu fenti, layuka ne kurum,
sirara, a jere, kamar kunyoyin gero
in ka hango su daga kan kuka.

Ga zaure uku, ga durumi, ga buzu.
Wani yana fiƙe gamba da 'yar wuƙa,
baduku ya duƙufa kan gafaka,
an shanya takardu, an danne da dutse
kada iska ta riga mai su karantawa.

Gwaggo Tabawa ta ce a miƙo mata.
Ta kai takardar dab da idonta mai yana,
ta daɗe, har goron bakinta ya huce.
"Na tsakiyan nan Malam Ilu ne.
Haka kakata ta siffanta shi,
ga doron, ga dogon wuyan nan naku.
To wa ya sa masa alƙalami a hagu?
Mutumin da ko tsinke bai karɓa da hagu ba!"

Nafi'u, mai buga katin biki a Dutse,
ya ce, "Gwaggo, a farantin tagulla ake tsaga shi,
a shafa baƙi, a kife a kan takarda.
Abin da ke dama sai ya faɗo hagu."
Ta ce, "Wato sun kife mana unguwa.
Shi ya sa na ga masallaci ya ba gabas baya."

Ni shafin da ke cinyar Malam na duba.
Ba harafi ko ɗaya.
Tonon kaza ne a bakin turmi.
Mai sassaƙar ya ƙirga azarar zaure,
ya ƙirga ganyen durumi ɗaya ɗaya,
bai bar ko ƙudan da ke kan kurtu ba,
amma da ya zo kan abin da ya tara su
bai san ko bihim ba.

Gara kuma ta ci kusurwa guda.
Saura hannu, da awarwaro, da bakin tukunya.
Gwaggo ta ce Azumi ce mai tawada,
mai daka gawayin aduwa da ƙaro.
Lungun duka da ruwanta ya yi magana,
ba wanda ya rubuta sunanta da shi.

Ran kasuwa na shiga gari da takardar.
Na sami lungun. An sare durumin.
Inda zaure yake, ana cajin waya,
wani yaro na rubuta lamba a bayan batir.
Na tambaye shi Marubuta, ya nuna mini
shagon da ake cike fom.

Na dawo da la'asar ban ce komai ba.
Gwaggo na zaune a bakin ƙofa,
ta karɓa, ta juya bayan takardar,
ta ɗaga ta saitin rana.
Haske ya ratso.
Masallaci ya koma gabas.
Baduku ya koma gefensa.
Malam Ilu ya ɗauki alƙalami da dama
ya fara daga inda ake farawa.

Nafi'u ya so ya kai ta a sa mata gilashi.
Ta hana.
Tana nan a tagar ɗakinta, an soke ta da ƙaya biyu,
fuskarta na kallon waje.
Masu wucewa rijiya suna ganin bahago.
Mu da ke ciki, daga la'asar zuwa magariba,
muna ganinsa yana aiki.